Yankan Zarto da Injin Katako: Me Ya Sa Ciwo Ke Warkewa Amma Yatsa Ya Ƙi Lanƙwasuwa?

Duk wanda ya saba shiga 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako ta Yamai, in ya lura da hannayen kafintoci da masu yanka a inji zai ga iri biyu na waɗanda ƙarfe ya taɓa. Akwai mai guntun yatsa, wannan kowa ya gane abin da ya same shi. Akwai kuma wanda yatsunsa biyar suna nan cif, tabon ma sai ka duba da kyau kafin ka gan shi, amma yatsa ɗaya a miƙe yake ƙyam ba ya shiga dunƙule, ko kuma gefensa ɗaya ya mutu, ko allura ka soka masa ba zai ji ba. Na biyun nan shi ne yake rikita mutane, don za ka ji ana cewa ai ƙaramin yanka ne, an ɗinke a kemis, sati 2 ya warke, to me ya kawo wannan kuma? Wasu su ce sammu, wasu su ce mai ɗinkin ne ya taɓa jijiya. Galibi dai abin ya faru ne tun a daƙiƙar da ƙarfen ya shiga, sai dai ba wanda ya duba.

Abin da ke ƙarƙashin fata

Hannu daga wuyansa zuwa kan yatsu ƙasusuwa 27 ne, amma abin da ya fi saurin lalacewa a yanka shi ne jijiyoyi, kuma iri 3 ne masu aiki daban-daban. Akwai jijiyar jini, kowane yatsa yana da guda 2 manya, ɗaya a kowane gefe. Akwai jijiyar ji, wadda ke kai saƙon taɓawa da zafi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa, ita ma 2 ce a kowane yatsa, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta jinin. Sai jijiyar motsi, dangin agara, fara mai tauri, ita ke jan ƙashi.

A nan ne mutane da yawa ba su sani ba: manyan tsokokin da ke dunƙule yatsu a damtse suke, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Daga can jijiyoyin motsi 9 suke ratsowa ta wuyan hannu zuwa yatsu, 2 ga kowane yatsa, 1 ga babban yatsa. Aikinsu kamar wayar birkin keke ne, tana zamewa a cikin kwasfarta, a ja daga sama ƙasa ya motsa. In ta tsinke, tsokar da ke sama tana ci gaba da ja, sai guntun ya gudu ya koma cikin tafin hannu, wani lokacin har kusa da wuyan hannu, kuma ba ta haɗewa da kanta ko shekara nawa za a yi. A cikin yatsa tazarar da ke tsakanin fata da wannan jijiya 'yan milimita ne kawai, shi ya sa yankan da bai kai faɗin farce ba yake iya raba ta biyu.

Wuri mafi wuyar gyara shi ne daga layin ƙarshe na tafin hannu zuwa tsakiyar yatsa, inda jijiyoyi 2 suke cunkushe a kwasfa ɗaya matsattsiya. Wani likitan Amurka, Sterling Bunnell, wanda ake ɗauka uban tiyatar hannu, a zamaninsa ya shawarci likitoci su guji ɗinke jijiya kai tsaye a wannan yanki saboda yadda take mannewa bayan ɗinki. Yanzu ana gyarawa, amma har gobe aikin ƙwararre ne.

Kowane ƙarfe da irin ɓarnarsa

Kurfi da gizago da wuƙar sassaƙa yanka suke yi mai tsabta, baki a miƙe. Kusan kullum hannun da ke riƙe itacen ne yake shan ciwon, wato hagu ga mai aiki da dama, saboda an ɗora shi a gaban ƙarfen. Masassaƙin turmi ko allo ko kujerar mata ya san wannan. Kuma dakusasshen ƙarfe ya fi kaifaffe haɗari, don sai ka danna da ƙarfi, in ya kuɓuce da duk ƙarfin nan zai tafi. Irin wannan yanka ya fi daɗin gyara a asibiti, amma shi ya fi yaudara, jini kaɗan, baki ƙarami, ciki kuma an gama ɓarna.

Injin zarto mai faifai labarinsa daban. Faifan yana juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a minti, kuma haƙoransa cinye abu suke yi, faɗin kusan milimita 3 na nama da ƙashi yana zama gari kamar yadda katako ke zama. Babban abin da ke jawo hatsarin shi ne katako ya matse bayan faifan, sai haƙoran baya su ɗaga shi su wurgo shi da ƙarfi, hannun da ke turawa ya zarce kan faifan kafin mutum ya ankara. Ɗanyen katako da karkatacce da mai ƙulli sun fi yin haka. Masana'anta suna haɗa inji da murfi da wani siririn ƙarfe a bayan faifai mai hana katako matsewa, amma a rumfuna da yawa an cire su don wai suna rage sauri, wasu injinan ma haɗin gida ne, motar lantarki da bel da faifai a kan tebur, ba su taɓa samun murfi ba. Injin share fuskar katako kuwa niƙe kan yatsa yake, yawanci ba a samun abin da za a mayar.

Sai giranda da ake ɗaura wa faifan zarto. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, ba don katako aka ƙera ta ba, in ta cije a itace tsalle take yi ta dawo kan mai riƙe da ita. A 2021 hukumar kula da lafiyar kayayyaki ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a kan faifai masu haƙoran sarƙa da ake ɗaura wa giranda, ta ce a daina amfani da su.

Akwai kuma namu na gida. A ɗauke wuta inji yana aiki, a manta makunni a kunne, yaro ya sa hannu yana share diddiga ko yana canza faifai, sai a dawo da wuta ko a tada janareta. Akwai makunni mai maganaɗisu da yake kashe kansa in wuta ta ɗauke, ba ya tashi sai an sake dannawa, kuma kuɗinsa bai kai na tiyata ɗaya ba. Ga dogon hannun riga, ga safar hannu da wasu ke ɗauka kariya ce alhali kusa da abu mai juyawa kama ta yake ya ja hannun gaba ɗaya, ga gajiya da aikin dare lokacin da odar kayan ɗaki ta yi yawa, ga ƙwayoyin ƙarin ƙarfi irin taramol da ke rage wa mutum hankali a kan abin da yake yi.

Awannin farko

Abin da likitoci suka haɗu a kai ba shi da yawa kuma ba shi da wuya. A danne ciwon da tsumma mai tsabta minti 10 zuwa 15 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a cire zobe tun kafin kumburi. In jini ya lafa a wanke da ruwa mai tsabta, ko ruwan leda ne. Bakin mai, man birki, fetur, ruwan batir, toka, ƙasa, garin kafso, duk waɗannan da ake zubawa suna kashe naman da ya rage da rai ko su shigar da datti, kuma sai an kankare su a tiyata kafin a fara gyara. Ɗaure yatsa tamau da roba shi ma yana kashe shi in an manta an bar shi awanni. Kuma kar a ba wanda ya ji ciwon abinci don a kwantar masa da hankali, in za a yi allurar barci ana son ciki ya yi kamar awa 6 babu komai.

In yatsa ya fita gaba ɗaya, a ɗauraye shi, a naɗe a bandeji ko tsumma mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kar naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kar a jiƙa shi tsundum a ruwa. Yatsa ba shi da tsoka sosai, saboda haka yana iya jure kamar awa 12 ba sanyi, kusan awa 24 in an sanyaya. Hannun da ya fita daga wuyansa ko sama da nan yana da tsoka, lokacinsa kusan rabin haka ne, awa 6 ba sanyi.

Gwajin jijiya kowa zai iya yi. A riƙe gaɓar tsakiya a ce ya lanƙwasa kan yatsan kaɗai. A miƙe sauran yatsun a riƙe su a ce ya lanƙwasa mai ciwon. A shafa gefe da gefen kan yatsa a tambaye shi ko jin daidai yake da na ɗaya hannun. In ɗaya daga ciki ya gaza, ko kan yatsan ya yi fari ya yi sanyi, maganar kemis ta ƙare. Ko da yana motsi amma da zafi mai tsanani, yana yiwuwa jijiyar ta yanke rabi, irinta kan ƙarasa tsinkewa bayan kwanaki.

Sai allurar sarƙe-haƙora. Ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take, tsatsa alama ce kawai ta ƙarfen da ya daɗe a datti, kuma cutar kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21. Ciwo mai datti yana buƙatar ƙarin allura in ta ƙarshe ta wuce shekara 5, wanda bai taɓa yin rigakafi ba kuma yana buƙatar har da maganin da ke ba da kariya nan take.

Kemis, mai ɗori ko asibiti

Masu zuwa kemis suna da hujjarsu: yana kusa, yana da araha, ba layi, ba a ce ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka, kuma gaskiya yanka da yawa fata ce kawai, ko kan yatsa ne ya ɗan fita ba ƙashi a waje, irin wannan da wanki da bandeji yana cikewa da kansa cikin 'yan makonni, farce ma ya sake fitowa cikin wata 4 zuwa 6. Masu ɗori su ma mutane sun yarda da su saboda sun ga karaya ta haɗe a hannunsu. Matsalar ita ce karayar da zarto ya yi buɗaɗɗiya ce, ƙashi ya haɗu da datti, ɗaure ta da kara ba tare da an wanke a tiyata ba yana kawo ruɓar ƙashi, kuma ba mai ɗorin da zai iya zaƙulo jijiyar da ta gudu.

Asibiti ma ba duka ɗaya ba ne. Ƙaramin asibiti zai iya tsayar da jini, ya wanke, ya rufe fata, ya yi allura, wannan daidai ne muddin an gaya wa majinyaci a fili cewa akwai jijiyar da ta yanke kuma an tura shi gaba. Gyaran jijiya aikin likitan ƙashi ne ko likitan gyaran fata da nama, irin waɗanda ake samu a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Ana so a yi shi cikin kwanakin farko, kar ya wuce sati 2. Bayan sati 3 zuwa 4 tsoka ta riga ta ƙanƙance, kwasfar ta toshe, sai dai a ciro jijiya daga wani wuri a yi dashe, sau da yawa tiyata 2, kuɗi ninki, sakamako kuma bai kai na farko ba. To ka ga lokacin da ake murna ciwo ya warke, a daidai lokacin ne damar gyara mai sauƙi take wucewa.

A mayar da yatsa ko a haƙura

Mayar da gaɓar da ta fita ya samo asali ne daga 1962, lokacin da Ronald Malt da abokan aikinsa a Boston suka mayar wa wani yaro ɗan shekara 12 hannunsa. A 1963 Chen Zhongwei ya mayar da hannun wani ma'aikacin masana'anta a Shanghai, a 1965 kuma Komatsu da Tamai a Japan suka mayar da babban yatsa. Aiki ne na awanni a ƙarƙashin madubin likita, ana ɗinke jijiyar jini mai faɗin kusan milimita 1, kuma asibitocin da ke da kayan aikin da ƙwararrun ba su da yawa a ƙasashenmu.

Ko inda ake da komai, likitoci ba kowane yatsa suke mayarwa ba. Babban yatsa ana ƙoƙari a kansa sosai saboda ana lissafa shi da kusan kashi 40 cikin 100 na aikin hannu, haka in yatsu da yawa ne suka fita, ko yaro ne, ko hannun ne daga wuyansa. Inda ake saɓani shi ne yatsa ɗaya na babban mutum da ya fita daga gindi. Wasu likitoci suna ganin a mayar, don cikar halitta da kwanciyar hankalin mutum abu ne mai daraja. Wasu suna ganin yatsan zai iya rayuwa amma ya sandare, ba ji sosai, yana tare wa sauran hanya, mutum ya yi watanni ba aiki, alhali in an gyara guntun an rufe zai koma rumfa cikin 'yan makonni. Ga kafintan da ke ci da aikin yini wannan lissafin ba ƙarami ba ne, kuma haƙƙinsa ne a zaunar da shi a yi masa bayanin duka biyun kafin ya sa hannu.

Jinyar ta fi tiyatar tsawo

Zaren fata ana cire shi a kwana 10 zuwa 14. Ƙashin yatsa yana haɗewa a sati 4 zuwa 6. Jijiyar motsi da aka ɗinke tana buƙatar kusan sati 6 a cikin maɗauri, kuma sai wajen sati 12 kafin a yarda mutum ya ɗaga katako ko ya riƙe guduma da ƙarfi. A makonnin farko ɗinkin yana da rauni ƙwarai, jan wando da ƙarfi ko murɗa makullin babur yana iya tsinka shi.

Wahalar a nan ita ce abu biyu ne masu karo da juna. In aka motsa da ƙarfi ɗinki ya tsinke, in aka bar yatsa shiru jijiyar ta manne da kwasfarta, tana nan a haɗe amma ba ta zamewa. Shi ya sa tun shekarun 1970 aka koma tsarin fara motsi mai ƙa'ida cikin kwanakin farko bayan tiyata, a cikin maɗauri, a hannun likitan gashi, sau da yawa a yini. Mutane da yawa suna biyan kuɗin tiyata da ƙyar sannan su watsar da zuwa gashi saboda kuɗin mota da na kati, ko su koma aiki a sati na 3 saboda gida ba abinci, kuma a nan ne aikin likita mai kyau yake lalacewa.

Jijiyar ji ta fi kowa nawa. Bayan an ɗinke ta, tana tsirowa ne kamar milimita 1 a rana, yanka a wuyan hannu zai iya ɗaukar wata 6 ko fiye kafin ji ya iso kan yatsa, kuma a babban mutum ba kasafai yake dawowa kamar da ba. A wannan tsakanin yatsan ba ya jin zafi, saboda haka ana ƙonewa ko a sake yankewa ba a sani ba. In ba a ɗinke ta ba, bakinta kan yi wani ƙulli mai zafi kamar wutar lantarki da zarar an taɓa. Rashin jure sanyi ma ya zama ruwan dare, hunturu na shigowa yatsan zai fara zugi, wani shekaru yake yi a haka. Sigari yana matse ƙananan jijiyoyin jini, yana iya kashe yatsan da aka mayar, ciwon suga da ba a kula da shi ba yana jinkirta warkewa. In yatsa ya kumbura gaba ɗaya, ya ɗan lanƙwashe, miƙe shi yana sa ihu, ko ja yana hawa damtse da zazzaɓi, a koma asibiti a ranar.

Akwai kuma tsoro. Wasu in suka ji ƙarar inji gabansu faɗuwa yake, wasu suna mafarkin abin. Likitoci sun san wannan a matsayin ɓangare na ciwon, kuma komawa aiki a hankali, daga aikin hannu mara haɗari, yana taimakawa.

Injin da ke tsayawa da kansa

A Amurka hukumar kare masu sayen kaya ta ƙiyasta cewa injin zarto na tebur yana raunata mutum wajen 30,000 a shekara, kusan 4,000 daga ciki gaɓa ce ke fita. A 1999 wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro SawStop, injin da ke gane fatar mutum ta hanyar ɗan siginar lantarki ya tsayar da faifai da birki cikin abin da bai kai kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Hukumar ta kawo daftarin doka a 2017, ta sabunta shi a 2023, don a wajabta irin wannan fasaha. Masu goyon baya suka ce kuɗin jinya da asarar aiki sun ninka ƙarin farashin, manyan kamfanoni kuma suka ce ƙananan injina za su yi tsada har talaka ya kasa saye, kuma kamfani ɗaya ne ke riƙe da haƙƙin mallakar fasahar. A wurinmu akwai ƙarin cikas, ɗanyen katako mai ruwa yana iya tayar da birkin ba dalili, kuma duk tashi ɗaya sai an sayi sabon birki, galibi har da faifai. Abin da ke hannunmu yanzu shi ne murfi, da ƙarfen bayan faifai, da sandar turawa da kowane kafinta zai iya yankewa daga ragowar katako, da matse aiki a benci maimakon riƙewa da hannu.

Wa zai biya?

A Najeriya sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, daga nan ake biyan jinya da diyyar nakasa. Dokar ta haɗa har da ɗan koyo da mai aikin wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. A Nijar hukumar inshorar ma'aikata ta CNSS ce ke riƙe da wannan ɓangaren na hatsarin wurin aiki.

A aikace yawancin rumfunan kafintoci ba su yi rajista ba, maigida shi kansa da abin da ya samu yau yake cefane, saboda haka abin da aka saba shi ne ya biya kuɗin ɗinki na ranar farko, 'yan kasuwa su yi karo-karo, sauran watannin kuma yaro da iyayensa su ji da shi. Masu rumfuna suna cewa ba su da albashi tsayayye da za a cire kashi 1 a kai, masu kare haƙƙin ma'aikata suna cewa wanda ya cire murfin inji don aiki ya yi sauri shi ya kamata ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. Ga wanda ke aiki a kamfanin kayan ɗaki ko wurin yankan katako mai rajista, lokaci yana da muhimmanci: dokar ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da maigidansa, maigida yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma, neman diyya kuma a shigar da shi cikin shekara 1. Katin asibiti, hoton ƙashi, rasit na magani da takardar likita mai bayyana wace jijiya ce ta yanke, duk a adana su tun daga ranar farko, don su za a nema.